Ga Kogi, Ga Madatsun Ruwa: Me Ya Sa Famfo Yake Bushewa a Kaduna?

Wani bawan Allah mazaunin Rigasa ya aiko da tambaya yana cewa Kogin Kaduna ya ratsa tsakiyar gari, kuma tun yana yaro yake jin labarin madatsar Kangimi, daga baya ya ji ta Gurara da ta Galma, amma har yau ruwan da iyalinsa suke sha daga kurar 'yan garuwa yake fitowa. Ya ƙara da cewa mahaifinsa yana noman rani a bakin kogi a yankin Igabi, kuma duk shekara idan bazara ta matso sai ruwa ya ja baya. Yana son ya san ko gina wata babbar madatsa zai wadatar da gari da manoma baki ɗaya.

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma na daɗe ina jin irinta a shekarun da na yi ina aikin injiniyan ruwa. Abin da zan fara gaya maka shi ne, madatsar ruwa rumbu ce. Aikinta shi ne ta karɓi abin da damina ta kawo ta riƙe shi zuwa lokacin da sama ta ɗauke. Rumbu kuwa ko ya cika ya batse, ba ya kai tuwo gaban mai gida sai an ɗebo, an surfa, an niƙa, an tuƙa. Yawancin wahalar da kake gani a Rigasa a tsakanin rumbun da akushin take faruwa, wahalar mahaifinka kuma ta shafi yadda ake rabon abin da ke cikin rumbun.

Kaduna ba ƙasar ƙarancin ruwan sama ba ce. A shekara ana samun fiye da milimita 1,000, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da Oktoba. Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya bi ta nan har ya faɗa Kogin Kwara, yana tumbatsa a watan Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa har zuwa Maris da Afrilu, lokacin da duwatsun cikinsa suke fitowa fili ana tsallakawa a ƙafa a wasu wurare. Wannan kogin yana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka bar Zungeru suka mayar da hedikwatar Arewa nan a 1917. Sai dai garin da suka tsara ƙarami ne, kuma ruwan da kogin yake ɗauke da shi a bazara, wanda ya ishi wancan garin, bai isa ya riƙe birnin da ya zarce mutum miliyan ɗaya ba.

Saboda haka aka gina madatsar Kangimi a shekarun 1970, a kan rafin Kangimi da ke shiga Kogin Kaduna, a yankin da yake Ƙaramar Hukumar Igabi a yau. Mutane da yawa suna zaton akwai bututu da ya taso daga Kangimi ya shigo gari, alhali tsarin ba haka yake ba. Idan kogi ya yi ƙasa da rani sai a buɗe ƙofar madatsar, ruwan ya gangaro ya haɗu da na kogi, ya biyo hanyarsa har inda injinan matatar ruwa ta Malali suke zuƙa. Wato kogin da kansa shi ne bututun. Wannan dabara tana da arha, amma tana da illa guda: duk wanda yake bakin kogi tsakanin madatsar da Malali yana iya jefa tiyon injinsa ya ja, yashi yana shan nasa, rana ma tana shan nata. Mahaifinka da maƙwabtansa na fadama, idan a wannan tsakani suke, daga kwano ɗaya suke sha da mutanen Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada, ko da ba su taɓa lissafa haka ba.

Gurara labarinta daban ne. Tana cikin Jihar Kaduna ta kudanci, wajen Jere, amma ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma an gina ta ne a zamanin mulkin Obasanjo domin Abuja. Tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 880, kuma kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 irin mai lita 25 da 'yan garuwa suke turawa. Daga can aka shimfiɗa bututu mai faɗin mita 3, tsawonsa kilomita 75, zuwa madatsar Usuma da ke shayar da Abuja, kuma ruwan da kansa yake gangarawa ba tare da inji ya tura shi ba. An kuma haɗa mata tashar lantarki mai megawat 30, da filayen ban-ruwa a yankin Azara da Jere. Na san yana yi wa mutanen Kaduna ciwo su ji ruwan jiharsu yana tafiya wani gari su kuma suna sayen jarka, kuma ban ga laifin mai jin haka ba. Amma Kogin Gurara kudu ya nufa, birnin Kaduna kuwa yana arewa a wani kwarin daban, don haka kawo ruwan nan yana buƙatar dogon bututu da injinan turawa masu cin wuta dare da rana. Galma kuma, wadda take Ƙaramar Hukumar Kubau, Zariya aka yi wa ita, domin ta tallafa wa sabuwar matatar Shika mai tace lita miliyan 150 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2017.

Yanzu sai mu zo kan rabon ruwa tsakanin gari da gona, domin a nan ne mutane suka fi yin kuskuren lissafi. A ce mutum ɗaya yana amfani da lita 100 a rana, har da wanka da wanki da girki. A shekara ya ci lita 36,500 ke nan. Hekta ɗaya ta shinkafar rani kuwa, idan aka haɗa da abin da yake ɓacewa a magudana da wanda ƙasa take shanyewa, tana iya cin lita miliyan 10 zuwa 15 kafin a yanke ta. Mu ɗauki miliyan 12. Wannan ruwan shan mutum 330 ne na shekara cur. Idan aka noma hekta 1,000 ta shinkafa, ruwan da za ta sha zai ishi matata mai lita miliyan 150 a rana aikin kwana 80. Ban kawo wannan lissafi don in ɗora wa manomi laifi ba, domin shinkafar da tumatirin da ya noma mutanen garin ne suke ci. Na kawo shi ne don ka ga cewa a madatsar da take shayar da gari da gona, gona ce take ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma ƙaramin gyara a wajen ban-ruwa yana tanadin ruwan da zai wadatar da unguwanni.

Akwai kuma mai rabo na uku da ba ya neman izinin kowa, wato rana da iskar hunturu. A lokacin rani tafki yana iya rasa milimita 5 ko fiye daga samansa a kowace rana. Milimita 5 kamar ba komai ba ne, amma a kan faɗin murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan 5 ke nan a yini. Shi ya sa tafki mai faɗi marar zurfi ya fi mai zurfi asara, kuma shi ya sa cikewar madatsa da laka take da haɗari ta fuska biyu: wurin ajiya yana raguwa, ruwan da ya saura kuma yana bazuwa a fili yana ƙonewa.

Maganar laka ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wata shekara muka shiga kwalekwale a wata madatsa domin mu auna zurfi, muna riƙe da taswirar da aka zana lokacin gininta. A wani wuri da takarda ta ce akwai mita 6, muka saki igiya mai dalma a baki, sai ta tsaya tun ba ta kai mita 3 ba, da muka jawo ta kuma sai ga jan taɓo ya manne mata. Dattijon da yake tuƙa mu, masunci ne da ya girma a wurin, ya ce mini: "Injiniya, ba sai ka auna ba, lokacin da ina saurayi gorata ba ta taɓa ƙasa a nan, yanzu da ita nake tura jirgi." Daga nesa tafkin yana nan shar kamar yadda aka san shi, kuma duk wanda ya zo a mota ya tsaya a kan bango zai koma ya ce madatsa cike take. Lakar nan daga gonaki take zuwa. Idan aka sare itatuwan bakin rafi, aka yi huɗa har gaɓar ruwa, aka bi gangare da kunya maimakon a gicciye shi, ruwan farko na damina sai ya kwashe ƙasar sama ya kai ta cikin tafki, inda gudunsa yake mutuwa ta kwanta. Manomi ya yi asarar ƙasarsa mai albarka, gari ya yi asarar wurin ajiya. Yashe madatsa kuwa aiki ne mai tsadar gaske, domin sai an sami inda za a zuba abin da aka kwaso, kuma idan ba a gyara abin da yake faruwa a sama ba za ta sake cikewa. Duk madatsar da ta shekara arba'in ko hamsin, bai kamata a ci gaba da yin lissafi da adadin da aka rubuta ranar buɗe ta ba, sai an sake aunawa.

To, a ce ruwan ya iso bakin matata lafiya. Ruwan kogi ba ya shayuwa haka nan, musamman a watan Agusta da yake zuwa jajir kamar kunun kanwa. A ɗakin gwaji ana jera kwalabe shida cike da ruwan kogin, a zuba wa kowace alam, wato sinadarin da yake dunƙule laka, gwargwado daban, a juya, a zuba ido a ga wadda lakarta ta fi saurin dunƙulewa ta kwanta, sa'an nan a san adadin da za a zuba a babban kwami. Bayan ya kwanta sai ya bi ta cikin yashi ya tace, a sa masa farar ƙasa don a daidaita tsaminsa, a ƙarasa da kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Babbar matata tana cin alam tan-tan a rana da damina, kuma idan ya yanke, mai aikin da ya san ciwon kansa ba zai tura ruwa gari ba. Na taɓa kwana a wata matata kogi yana ambaliya a gabanmu, injina lafiya lau, amma muka kashe su saboda motar alam ba ta iso ba. Mutanen gari suna ganin ruwan sama yana zuba, famfo kuma a bushe, ba su san dalili ba.

Wutar lantarki ita ce ƙashin bayan aikin duka. Ruwa yana da nauyi, kubik mita ɗaya tan ɗaya ne, kuma sai an ɗaga shi daga kogi zuwa matata, a sake tura shi zuwa manyan tankunan da ke kan tudu, wani lokacin a ƙara masa ƙarfi a hanya kafin ya kai unguwanni masu nisa. Idan wuta ta ɗauke na awa shida, asarar ta fi ta awa shida, domin manyan bututu sun zube, iska ta shiga, kuma sai an sake cika su kafin ruwa ya hau tudu. Unguwannin da suke kusa da matata ko suke kwari su ne suke fara samu, su cika tankunansu da durom-durom, wanda yake can ƙarshen layi kuma kafin ruwa ya iso gare shi wuta ta sake ɗaukewa. Rigasa tana yammacin gari, nesa da Malali, kuma ta bunƙasa da sauri fiye da yadda aka shimfiɗa bututu, don haka akwai layuka da yawa da bututun bai ma taɓa shiga ba. Inda babu bututu, ko an gina madatsa goma ba za a ga ɗigo ba.

Inda bututun yake kuma, da yawansa ya tsufa, wani an binne shi a ƙarƙashin kwalta ko an yi gini a kansa, wani an huda shi an ja layi ba bisa ƙa'ida ba. A garuruwanmu ba abin mamaki ba ne kaso mai yawa na ruwan da aka tace, aka kashe masa alam da wuta, ya zube a ƙasa ko a sha shi ba a biya ba. Akwai wani abu da nake so ka kula da shi domin lafiyar iyalinka. Ka san yadda mutane suke haƙa rami a ƙofar gida su yanke bututu a ƙasa saboda ruwan ba shi da ƙarfin hawa famfo. Lokacin da ruwa yake gudu da ƙarfi, ɓarakar bututu waje take fitar da shi, amma da zarar an ɗauke, bututun sai ya riƙa zuƙo abin da yake kewaye da shi, kuma sau da yawa ta cikin kwata ya bi. Ruwan farko da yake zuwa bayan kwanaki da ɗaukewa yana iya ɗauko ƙwayoyin taifod da kwalara ko da ya bar matata da tsabta. A bar shi ya zuba na ɗan lokaci, wanda za a sha kuma a tafasa.

Batun kuɗi ba ya rabuwa da wannan, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutane ba sa son biyan hukumar ruwa saboda ruwa ba ya zuwa, hukuma kuma ba ta da abin sayen alam da man janareta da gyaran inji saboda ba a biya. Abin da yake ba ni tausayi shi ne talakan da yake sayen kura ya fi mai famfo biyan kuɗi a kan kowace lita, nesa ba kusa ba. Rijiyar burtsatse ta rufa wa mutane asiri, amma Kaduna a kan dutse take zaune, ruwan ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama ne da tsagogi, ba shi da yawa, shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu sun haƙa, ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba, kuma idan suka yi yawa a layi ɗaya sai su riƙa ƙafewa da bazara.

Shin ke nan ba a buƙatar sabuwar madatsa? A ganina za a buƙace ta, domin garin yana faɗaɗa ta wajen Rigachikun da Mando da Sabon Tasha da tsallaken kogi, kuma wurin ajiyar da aka tsara a shekarun 1970 ba zai ɗauki nauyin jikokin mutanen wancan lokacin ba. Amma idan aka ba ni zaɓi a yau, zan fara da auna abin da ya rage a Kangimi, da sama wa matatu wutar da ba ta yankewa, da sauya tsofaffin bututu da kai sababbi unguwannin da ba su da shi, da sa mitar auna ruwan da aka sha. Waɗannan ba su da kwarjinin babban bango da ake yanka kyalle a kansa, amma su ne suke sa famfo ya zubo. Babbar madatsa kuma ba ta zuwa kyauta ko an cire kuɗin gini. Tana cinye gonaki da ƙauyuka, kuma abin da ya faru a madatsar Bakolori a 1980, inda rikicin diyya ya kai ga asarar rayukan manoma, ya isa ya sa a daidaita da masu ƙasa tun kafin a kawo katafila. Ruwan da ya kwanta yana tara sauro da dodon koɗin da yake yaɗa tsargiya, kachalla kuma tana toshe magudanu. Madatsa kuma tana buƙatar kulawa har abada: ta Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau kuma ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwanta ya mamaye Maiduguri. Bangon ƙasa yana son a riƙa duba shi, a cire itatuwan da suke tsira a jikinsa, a kula da inda ruwa yake tsattsafowa, a riƙa motsa ƙofofinsa kada tsatsa ta cinye su. Masu ilimin wannan aiki muna da su a gida, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando tana horar da su shekara da shekaru.

Game da mahaifinka, Allah ya ƙara masa lafiya, abin da ya fi cutar da manomin rani shi ne rashin sanin ranar da ruwa zai zo da ranar da zai janye. A ƙa'idar aikinmu ruwan sha ne a gaba idan ajiya ta yi ƙasa, kuma ina ganin daidai ne. Amma haƙƙin manomi ne a gaya masa tun ƙarshen damina, lokacin da aka ga inda ruwa ya tsaya a madatsa, cewa bana ga yawan filin da za a iya shayarwa, ga kuma watan da za a rage. Wannan bayani ba ya samuwa ga mutum ɗaya, sai manoman sun haɗu sun zama ƙungiya mai shugabanci, wadda za ta iya zuwa hukumar ruwa ta jiha ko hukumar raya kogunan yankin ta zauna da su, ta kuma tsara wa 'ya'yanta kwanakin jan ruwa don kada injina hamsin su tashi a safiya ɗaya.

A gonarsa kuma, ya yi ƙoƙarin yin shuka da wuri, a watan Nuwamba, domin amfanin ya nuna kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da shuka ta fi shan ruwa kogi kuma ya fi ƙasa. Idan filinsa mai yashi ne, shinkafa za ta wahalar da shi, gara albasa ko tumatir ko masara, ko alkama idan sanyi ya samu. Ya daidaita fangalinsa sosai don kada ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, kuma daga inji zuwa fangali ya yi amfani da tiyo maimakon dogon lambatun ƙasa, domin a nan ne ruwa da man fetur suke ɓacewa. Ya bar 'yan taku na ciyawa da itace tsakanin gona da gaɓar kogi, kuma kada a wanke tankin feshi a cikin ruwan, tunda mai yiwuwa matatar Malali tana ƙasa da su, kuma alam da yashi ba su cika cire maganin feshi ba. Idan fadamar tana da ruwa kusa, 'yar rijiyar tiyo mai zurfin mita kaɗan za ta riƙe shi a makonnin ƙarshe idan kogi ya ja baya, kuma kuɗinta bai kai asarar amfanin shekara guda ba.